Babi na 7: Yadda Ake Zaɓen Madubin Hangen Tsuntsaye da Kuɗi Kaɗan

Darasi na 1: Wane irin madubi ne?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, ko a Dagona, ya san kirinjijiya da dinya ba sa bari a matso su. Da ka taka sai su tashi. Shi ya sa masu ƙidayar tsuntsayen ruwa a watan Janairu, da ɗaliban cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, suke aiki da madubin hangen nesa.

Iri biyu ne. Akwai mai ido biyu da ake ratayawa a wuya, yawanci yana kusanto abu sau 8 ko sau 10. Akwai kuma mai ido ɗaya, dogo, wanda ake ɗorawa a kan mazauni mai ƙafa uku. Wannan na biyun shi ne darasinmu.

Darasi na 2: Karanta lambobin jikinsa

'Yan uwa, a nan ake yawan tuntuɓe, don haka mu tafi sannu a hankali. A jikin madubin za ku ga an rubuta kamar haka: 20-60x80.

Ku ɗora yatsa a kan 20. Wannan ita ce ƙaramar kusantowa. Tsuntsun da ke nisan mita 200 zai zama kamar yana mita 10 a gabanku. Ku matsar da yatsa kan 60. Wannan ita ce babbar kusantowa. Alamar x ba sai kun furta ta ba, ku ce “sau”. Sai 80 ta ƙarshe: faɗin gilashin gaba ne, milimita 80. Ita ba kusantowa ba ce. A sake faɗa: 80 ba kusantowa ba ce, ƙofar haske ce. Gilashi mai faɗi ya fi shigar da haske, amma ya fi nauyi, ya fi tsada. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi mai gilashin milimita 60 ko 65, ya ishe shi.

Mu maimaita tare. 20, ƙaramar kusantowa. 60, babbar kusantowa. 80, faɗin gilashi. Madalla. Wanda ya ruɗe kada ya ji kunya, ya mayar da yatsa farko.

Yanzu ga abin da nake so ya zauna muku. Kullum ku fara dubawa daga 20. A kan 20 fili yana da faɗi, hoto yana da haske, za ku sami tsuntsun da sauri. Idan kun same shi, kun murɗa maɓallin daidaitawa har gashinsa ya fito fes, sannan ku ƙara zuwa 30. A kan 60 fili yana tsukewa, hoto yana duhu, ɗan motsi kaɗan sai komai ya yi rawa. Da rana ta take kuma, kawalwalniyar da ke tashi daga ƙasa ita za ku kusanto, ba tsuntsu ba.

Daga ina za a fara? Daga 20. Idan tsuntsun ya ɓace muku fa? A koma 20.

Na sha faɗar wannan, amma har yanzu sai a ba mutum madubi ya murɗa shi har ƙarshe, ya ce ba ya ganin komai, madubin ya lalace. Bai lalace ba, Malam, kai ne ba ka saurara ba. Haka ma a kasuwa: mai kanti ya nuna maka kwali mai babbar lamba kamar 100 da ɗan tsukakken gilashi, ka zube kuɗin da ka daɗe kana tarawa. Wannan ganganci ne. Madubi mai araha da ke nuna hoto fes a kan 20 da 30 ya fi wancan nesa ba kusa ba. Ku gwada shi a ƙofar kanti kafin ku biya: ku karanta rubutun wani allo mai nisa. Daga 20 za ku fara.

Darasi na 3: Wanda zai jure

Ƙurar hunturu da laimar damina su ke kashe madubi. Ku nemi wannan kalma a kwali, ku kwafe ta a littafinku: WATERPROOF. Ma'anarta ruwa ba ya shiga. Irin wannan an toshe shi, yawanci an cika cikinsa da iskar naitirojin don kada gilashi ya yi gumi. Jiki mai rufin roba ya fi jure bugu.

Maduban kamfanonin Swarovski da Zeiss na masu hali ne. Celestron da Bushnell suna da masu sauƙin kuɗi. Idan na hannu za ku saya, ku haska tocila a cikin gilashin. Kun ga zare-zare kamar saƙar gizo? Fumfuna ce, ku ajiye shi.

Darasi na 4: Mazauni

Kada kuɗin ya ƙare a madubi. Ku rage na mazauni mai ƙarfi. Ku kafa shi, ku taɓa shi da yatsa. In ya daɗe yana rawa, ku nemi wani.

Darasi na 5: Tsafta

A hura ƙura tukuna, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi. Ban da bakin riga. A rufe murfi bayan aiki. Kada a taɓa duban rana da shi, yana makantarwa.

Aikin gida

Ku rubuta ma'anar kowace lamba a cikin 15-45x65.