Yadda za a hana sandar sirdi ta kabon zamewa

Assalamu alaikum, 'yan uwa mahaya keke na Jos. Duk wanda sirdinsa ke nutsewa sannu a hankali yayin hawan tudun Shere, kada ya yi gaggawar ƙara matse noti, domin kabon ba ya lanƙwasa kamar ƙarfe, tsagewa yake yi. Ni kaina na yi asarar sanda guda bayan wani mai gyara ya shafa mata giris, ya kuma ɗaure ta iya ƙarfinsa.

A zare sandar gaba ɗaya, a goge ta da cikin bututun keken da tsumma mai sifirit har sai maiƙo da ƙurar hunturu sun fita. Idan ta bushe, a shafa man haɗa kabon, irin Fiber Grip na kamfanin Finish Line, wanda idan aka murza shi tsakanin yatsu za a ji 'yan tsakuwoyi kamar yashi mai laushi. Su ne ke riƙe sandar ba tare da matsi mai yawa ba. Giris kuwa zaren noti kaɗai ya dace da shi.

A ɗaure da sifana mai auna ƙarfi, gwargwadon adadin da aka rubuta a jikin zoben da ke matse sandar, wanda galibi 5 ne ko 6 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri). Sannan a liƙa ɗan salatif a jikin sandar daidai bakin bututun domin a gane in ta sake motsawa. In ta ci gaba, a auna kaurinta, domin sanda mai milimita 30.9 ba za ta zauna a bututun 31.6 ba.