Babi na Bakwai: Zama Kusa da Injinan Lantarki na Iska

Darasi na 1: Mene ne waɗannan injina?

A Lambar Rimi, cikin ƙaramar hukumar Rimi ta Jihar Katsina, an kafa injina 37 domin samar da lantarki daga iska, kuma an tsara su bayar da megawat 10 idan duka suna aiki. Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ne ya ƙaddamar da aikin yana gwamna, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe shi, ya kuma sha jinkiri na shekaru masu yawa. Kowane inji dogon ƙarfe ne mai farfela a ƙololuwarsa: iska ta kaɗa farfelar, farfelar ta juya janareta, wutar ta bi waya ta tafi. Ba ya shan mai, ba ya fitar da hayaƙi, kuma wannan alheri ne. Sai dai wanda gonarsa ko gidansa ke kusa da shi yakan gamu da ƙara, da inuwa mai gilmawa, da batun fili, da mutuwar tsuntsaye. Wannan babi zai koya muku yadda za ku rubuta abin da kuka gani, domin koken da aka kai da baki kawai yakan tsaya a zauren dagaci.

Darasi na 2: Littafin lura

Ku sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare da biro ɗaya, kada ku yi amfani da fensir domin rubutunsa yana gogewa. Ku buɗe shafin farko, ku ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, za ku ga shafin ya rabu gida huɗu. A saman gida na farko, wato wanda ke hannun hagu, ku rubuta KWANAN WATA. A na biyu ku rubuta LOKACI, a na uku WURI, a na huɗu kuma ABIN DA NA GANI. Boko daga hagu ake fara shi, ba daga dama ba kamar ajami, don haka wanda ya saba da allo ya kula.

Yanzu mun zo inda yawancin ɗalibai ke tuntuɓe. Kafin ku rubuta komai, ku fara cika gidan kwanan wata. Ana rubuta rana, sannan wata, sannan shekara, kamar haka: 14 ga Janairu, 2025. Lamba 14 ita ce rana, Janairu shi ne wata, 2025 ita ce shekara. Ku karanta da ƙarfi sau uku, sannan ku kwafa sau biyar a bayan littafin. Wanda hannunsa ke rawa kada ya ji kunya, domin mai shekara sittin da ya riƙe biro yau ya yi ƙoƙarin da ya cancanci yabo.

Kada ku rubuta "jiya" ko "shekaranjiya" ko "ranar kasuwa". Idan jami'in kamfanin da ke kula da injinan ya buɗe littafin bayan wata uku, ba zai san wace jiya kuke nufi ba, ku ma kanku ba za ku tuna ba. Idan ba ku san kwanan watan ba, ku duba fuskar wayar salula, ko kalandar da ke rataye a shago, ko ku tambayi yaron da ke zuwa makaranta. Wanda ya fi sanin watan Musulunci zai iya ƙara shi a ƙasa, amma ya fara sa na boko domin da shi ofisoshi ke aiki. Rana, wata, shekara, sannan sauran bayani.

Ga cikakken misali: 14 ga Janairu, 2025, ƙarfe 7 na safe, ɗakin da ke fuskantar gabas, inuwar farfela ta riƙa gilmawa ta taga har kusan rabin awa. Ku lura da abin da ya zo a farko.

Darasi na 3: Ƙara, inuwa da takardar fili

Ƙarar farfela ta fi damun mutane da dare, lokacin da gari ya yi tsit, musamman idan iska na kaɗowa daga wajen injin zuwa gida, kamar yadda iskar hunturu ke zuwa daga arewa maso gabas. Inuwa kuwa takan shiga ɗaki ne da hantsi ko da la'asar sakaliya, sa'ad da rana ta yi ƙasa a bayan injin. A ƙasashe da dama ana tsayar da inji na ɗan lokaci a daidai sa'ar da inuwarsa ke faɗawa kan gidaje, amma ba za a yi muku haka ba sai kun nuna ranar da lokacin.

Batun fili ya fi duka nauyi. A Kenya, kusa da tafkin Turkana, an kafa injina 365 da aka buɗe a 2019, kuma makiyayan yankin sun kai ƙara cewa an ba da ƙasar kiwonsu ba tare da bin ƙa'ida ba. A 2021 kotu ta yanke hukuncin cewa ba bisa ƙa'ida aka ba da takardun mallakar filin ba, amma a lokacin injinan sun riga sun tsaya suna aiki. Saboda haka, idan aka kawo muku takardar diyya, kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa sai wanda kuka amince da shi ya karanta muku ita daga farko har ƙarshe. Ku tambayi girman filin da za a ɗauka, da ko sayarwa ce ko haya, da ko za ku ci gaba da noma da kiwo a tsakanin injinan, da abin da zai faru da burtali. Ku karɓi kwafinku, ku duba ko an sa kwanan wata a jiki.

A nan dole in yi magana ba ɓoye-ɓoye. Har yanzu ana kawo littattafai ajin nan da gidan farko fanko, an cika shafi da dogon labari babu rana babu wata. Wannan ba rashin sani ba ne, sakaci ne, domin an nuna an kuma maimaita. Wanda littafinsa ke haka ya koma Darasi na 2 kafin ya wuce gaba.

Darasi na 4: Tsuntsaye da jemagu

Daga nesa farfela kamar a hankali take juyawa, amma ƙarshen reshen farfelar manyan injina yakan wuce gudun kilomita 200 a awa. Manyan tsuntsaye masu shawagi, irin su ungulu da shirwa da shamuwa, su ne suka fi shiga haɗari, jemagu kuma da dare. A Jabal al-Zait ta ƙasar Masar, inda tsuntsaye masu ƙaura ke ratsawa, ana tsayar da injina idan masu sa ido sun hango garke na tafe. A tsibirin Smola na Norwe kuma an shafa wa reshe ɗaya na farfela baƙin fenti, mutuwar tsuntsaye ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari. Idan kun tsinci mushen tsuntsu ko jemage a gindin inji, kada ku taɓa da hannu, kada ku bar yara su ɗauka. Ku rubuta irinsa da yawansa, bayan kwanan wata.

Darasi na 5: Kai koke

Ku haɗa littattafanku ku kai wa mai unguwa, shi kuma ya kai wa dagaci. Ku ba da kwafi, ku riƙe na ainihi.

Aikin gida: ku cika layi uku kafin zama na gaba.