Yadda Ake Karanta Tsabar Kuɗin Rumawa Don Gane Shigar Kiristanci da Raunin Daula

Mai son ya ga da idonsa yadda Kiristanci ya shiga fadar Rum, da yadda ƙarfin daular ya riƙa raguwa, ya nemi tsabar kuɗin tagulla na ƙarni na 3 zuwa na 5. An buga su da yawa ƙwarai, shi ya sa har yau ake tono su daga Ingila zuwa Masar. Yawanci tsaba tana ɗauke da sunan sarki, da saƙon da yake son sojoji da talakawa su gani, da garin da aka buga ta. Idan ka iya karanta waɗannan uku, sau da yawa za ka iya faɗin shekarunta ba tare da ka kauce da fiye da biyar ba.

Kayan aikin ba su da yawa: sikeli mai auna har giram 0.01 irin na masu sayar da gwal, gilashin ƙara girma mai ninka goma, ma'aunin milimita, da fitila. Ka riƙa haska tsabar daga gefe, domin inuwa ce ke fito da haruffan da suka shafe. Wanda ba shi da tsaba a hannu yana iya yin aikin da hotunan OCRE, wani rumbun tsabar kuɗin Rumawa a intanet, inda ake nuna gaba da bayan kowane samfuri, sau da yawa har da nauyi.

Ka fara da awo kafin karatu. A shekarar 294 Sarki Diyokletiyan ya fito da babbar tsabar tagulla mai nauyin kusan giram 10, faɗinta wajen milimita 27. Zuwa 313 ta koma kusan giram 3, a 330 kusan biyu da rabi, wajen 336 kuma ba ta kai giram 2 ba. A ƙarni na 5 ƙaramar tsabar ba ta fi farcen yatsa ba, giram ɗaya ko abin da ya ɗan ɗara. Masana kan raba su gida huɗu bisa faɗi: AE1 ita ce wadda ta wuce milimita 25, AE2 daga 21 zuwa 25, AE3 daga 17 zuwa 21, AE4 ƙasa da 17. Idan kan sarkin na sanye da kambi mai tsinaye kamar hasken rana, yawanci tsabar ta ƙarni na 3 ce, irin wadda Karakalla ya fara bugawa a 215. Azurfarta a farko kusan rabi ce, amma wajen 270 ba ta kai kashi biyar cikin ɗari ba.

Sai ka koma fuskar gaba. Rubutun Latin ne, yana farawa daga ƙasa ta hagu ya zagaya dama, babu tazara tsakanin kalmomi, kuma harafin V shi ne U. Laƙabin sarauta a taƙaice, IMP ko D N, kan zo a farko, P F AVG a ƙarshe, sunan yana tsakiya. AVG na nufin cikakken sarki, NOB C kuma magaji. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, domin gidan Sarki Konstantin sunayensu sun yi kama: CONSTANTINVS uban ne ko ɗansa Konstantin na biyu, CONSTANTIVS da CONSTANS 'ya'yansa ne, sai dai mahaifinsa ma CONSTANTIVS ake rubuta masa, a kan manyan tsabobin da suka gabaci 306. Idan ka ga IVN bayan sunan, ɗan ne, ba uban ba. Ka ƙidaya haruffan ɗaya bayan ɗaya, kada fuska ta ruɗe ka, domin maƙeran lokacin ba su damu da kama ba. Gemu kaɗai ke taimako: Konstantin da 'ya'yansa yawanci ba su da shi, danginsu Yuliyan kuwa ya tsayar da nasa bayan ya hau mulki.

Ka juya baya, ka duba ƙasan layin da hoton ke tsaye a kai. Nan ne alamar gidan buga kuɗi. TR na birnin Trier ne, SIS na Sisiya, ALE ko SMAL na Iskandariyya, ANT ko SMAN na Antakiya, SMN na Nikomediya, SMTS na Tasalonika, PLN ko PLON na Landan, wanda aka rufe wajen 325. Harafin da ke manne da alamar, P, S, T, Q a yamma ko A, B, Γ, Δ a gabas, lambar ɗakin maƙera ce. Akwai tarko guda: a 328 aka sauya wa birnin Arles na Faransa suna zuwa Konstantina, don haka PCONST ko SCONST nasa ne. Na Kustantiniyya CONS ne, harafin Girka yana biye da shi a baya, kamar CONSA.

Hoton baya shi ne ainihin abin da ake nema, kuma yana bukatar natsuwa. Tsabar Diyokletiyan, wanda ya fara mafi munin tsananta wa Kiristoci a 303, tana nuna gunkin al'ummar Rum da rubutun GENIO POPVLI ROMANI. Konstantin ya ci yaƙin gadar Milbiya a 312, a 313 shi da abokin sarautarsa Likiniyus suka amince a Milan kowa ya yi addininsa, amma har wajen 318 ana ta buga masa tsaba mai gunkin rana da rubutun SOLI INVICTO COMITI, Likiniyus kuma yana buga gunkin Jupita da rubutun IOVI CONSERVATORI. Don haka ganin gunki a kuɗin Konstantin ba alamar jabu ba ce. Yawancin sojoji da manyan dattawan birnin Rum suna kan addininsu na gado, sarkin kuma bai yi gaggawar ɓata musu rai ba. Shi kansa sai a 337, yana gab da mutuwa, aka yi masa baftisma.

Alamar Kiristanci ta farko da za ka nema ba gicciye ba ce. Haruffan Girka biyu ne, X da P a haɗe, farkon sunan Almasihu. Tana kan hular ƙarfen Konstantin a wata lambar azurfa ta birnin Tikinum ta 315, tana kuma saman tutar da ta soke maciji a tsabar SPES PVBLIC ta Kustantiniyya wajen 327. Dukansu biyun ba a cika samunsu ba, saboda haka wanda ya kawo maka su da araha ka yi shakka. Abin da ya fi yawa bayan 330 shi ne GLORIA EXERCITVS, sojoji biyu a tsaye: tuta biyu a tsakaninsu na nufin 330 zuwa 335, tuta ɗaya bayan nan. A 350 Betraniyo, wani kwamandan soja da ya ɗan hau mulki, ya buga HOC SIGNO VICTOR ERIS, wato da wannan alama za ka yi nasara, a 353 kuma Magnentiyus, wanda ya ƙwace mulkin yamma, ya cika bayan tsabarsa da babbar X da P. Sai Yuliyan, wanda ya mulki daular daga 361 zuwa 363 ya kuma yi ƙoƙarin dawo da addinin gado, ya buga bijimi da taurari biyu. Bayan dokar Sarki Tiyodosiyus ta 380 da ta mai da Kiristanci addinin daula, da haramta hadayar gumaka a 391 da 392, gicciye ya ƙara samun wuri, har a ƙarni na 5 ake ganin sa shi kaɗai cikin zoben ganye.

Kada ka ɗauki kowace ƙaramar X da P ko gicciye a gefen hoto a matsayin umarnin sarki. Wasu alamun ma'aikatan gidan buga kuɗi ne don bambanta wani bugu da wani, kamar tauraro da jinjirin wata. Abin da ke cikin babban hoton shi ya fi nauyi a hujja.

Idan ka jera tsabobin bisa shekaru, za su warware maka wata tsohuwar muhawara, wato zargin cewa Kiristanci ne ya rusa Rum. Azurfa ta riƙa raguwa a kuɗin ne tun zamanin da sarakuna Desiyus a 250 da Baleriyan a 257 suke tsananta wa Kiristoci, saboda yaƙin basasa da albashin sojoji. Tsabar zinariyar da Konstantin ya fito da ita wajen 310, guda 72 a nauyin fam ɗaya na Rum, kowace kusan giram 4.5, ta riƙe ingancinta a gabas har ƙarni na 11. Gabashin daular, inda Kiristoci suka fi yawa, ya ɗore har 1453. Yammaci ne ya faɗi, bayan kayen da sojojin Rum suka sha a Adiriyanopul a 378, wawashe birnin Rum a 410, da ƙwace Kartaj a 439 wanda ya yanke harajin Arewacin Afirka da hatsinta, har aka tuɓe sarkin ƙarshe a 476. Gaskiya ne coci ya samu filaye da rangwamen haraji, kuma rikicin aƙida ya ci wa sarakuna lokaci, amma tsabar ba ta goyon bayan mai ɗora wa addini laifin duka.

Wajen wanki ne ake lalata yawancin tsabobi. Jiƙa tsabar cikin tataccen ruwa marar gishiri, ka riƙa sauya shi duk bayan kwana biyu ko uku, sannan ka goge da buroshi mai laushi da tsinken itace. Ban da ruwan lemun tsami, ban da ruwan batir, ban da buroshin waya, domin sau da yawa rubutun yana cikin fatar nan mai duhu ko kore da ta rufe tsabar ce, idan ta tafi ya tafi. Kore mai haske da ke dagargajewa kamar gari kuwa cuta ce ta tagulla, gishiri da danshi ke kawo ta, sai ka ware tsabar a busasshen wuri. Jabun da aka zuba a mazubi ana gane shi da layin haɗi a gefe, ƙananan ramuka a fuska, da haruffa masu taushi. Kowace tsaba ka ajiye ta a ambulan takarda, ka rubuta nauyi, faɗi, rubutun gaba da baya, da inda ta fito. Masar, Turkiyya da Italiya duk sun hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, don haka ka nemi takardar asali kafin ka biya kuɗi.