Yadda na sauya yashin akwatin murjanina

Alhamdu lillahi, ruwan akwatin da nake kiwon kifi da murjani masu rai, wato halittun teku, ya washe. Tsohon yashin da ke ƙasan akwatin ruwan gishirina laushi gare shi kamar gari. Da injin kaɗa ruwa ya tashi sai ya turnuƙe, ya riƙa zuba kan murjani har suka daina buɗewa.

Na rage ƙarfin injin, sai datti ya kwanta, gansakuka ta fito. Na karkata bakinsa sama, a banza. Maƙwabcina a Ƙofar Ƙaura ya ce, "Malam, ɗebo yashin rafi mana." Ai wannan ba ya yi, aragonait, wato yashin teku mai sinadarin alli, ake sa wa murjani.

Na sayo aragonait mai tsakuwa-tsakuwa, milimita 2 zuwa 3, na wanke shi a bokiti da tataccen ruwa har farin ya daina fita. Na haɗa sabon ruwan gishiri a ma'aunin gishiri 1.025, zafinsa digiri 26 na Salshiyos, don a zafin Katsina ruwan bokiti kan wuce haka. Sannan na kashe injin, na zuƙe tsohon yashin da tiyo, kashi ɗaya cikin uku kowane mako. Kada a kwashe shi lokaci guda: ƙasansa baƙi ne, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kifi ba ya jure shi. Bayan kowace zuƙa nakan auna amoniya, gubar da datti ke haifarwa a ruwa.

Sabon kuwa ta bututun roba na zura shi har ƙasa, kaurin santimita 3. Injin ya koma cikakken ƙarfinsa, yashi bai motsa ba. Na gode wa ƙanena da ya sha ɗaukar bokiti.