Shawara ga masu shirya zaman karatun algoridim a jami'a

'Yan uwa, kada mahalarta su wuce takwas. In sun fi haka, rabi za su koma 'yan kallo. Maƙalar bincike ɗaya a mako a kan algoridim (jerin matakan da kwamfuta ke bi wajen warware matsala), zaman awa ɗaya da rabi, a tura ta kwana bakwai kafin ranar. Ku zaɓo daga tarukan STOC, FOCS ko SODA (manyan tarukan masu bincike a wannan fanni), amma ku nemi cikakkiyarta a arXiv, shafin intanet da masu bincike ke ajiye maƙalunsu, domin ta taro sau da yawa an rage hujjojinta na lissafi.

Mai gabatarwa ya ajiye majigi, ya kama allo. Minti goma na farko: mece ce matsalar, wane lokacin gudu (yawan matakan da algoridim ke ɗauka kafin ya gama) aka sani a da, me aka samu yanzu, misali raguwa daga n² zuwa n log n, inda n ke nufin girman bayanan da aka ba algoridim. Sannan ya zana ƙaramin misali, kamar ɗigo biyar da layukan da suka haɗa su, a bi algoridim ɗin da hannu, mataki-mataki. Nan ne fahimta ke zama, kada a yi gaggawa. Hujja kuwa, a warware guda ɗaya da maƙalar ta dogara a kanta. Bin duka shi ke cinye lokaci.

Malamai, don Allah ku bari ɗalibai su fara tambaya, domin in kun riga su, sai su yi shiru.