Yadda Za Ka Sa Sabon Rediyo a Tsohuwar Mazda MX-5

Ina nufin samfurin farko, na 1989 zuwa 1997, mai fitilun da ke ɗagowa. Nemi rediyo mai girman DIN ɗaya, wato faɗin milimita 180, tsayi 50.

1. Buɗe but, don a nan batirin wannan motar yake. Kwance kan da ke da alamar (-) da sifana lamba 10.

2. Cire murfin da ya zagaye rediyon. Lallaɓa shi, robar da ta sha rana shekara talatin ba ta da wuyar tsagewa. Sannan ka zaro tsohon rediyon, ka cire soket da wayar eriya.

3. Nan ne aikin yake. Kada ka yanke wayoyin motar, sayi soket ɗin haɗi da ya dace da ita, ka haɗa wayoyinsa da na sabon rediyon. A wayoyin sabon rediyon, rawaya ita ce mai wuta kullum, ja tana samun wuta idan an murɗa makulli, baƙa kuma ta as ce, wato mai haɗuwa da ƙarfen jikin mota. Idan ka musanya ja da rawaya, rediyon zai riƙa manta tashoshinka duk lokacin da ka kashe mota. Fari da ruwan toka na sifikun gaba ne, hagu da dama. Yi wa kowane haɗi soda ka rufe shi. Salatif kaɗai warwarewa yake yi da zafi.

4. Mayar da kan batir ka gwada kafin ka ɗaure komai. In bai kama ba, fara duba fis.

5. Tura rediyon, ka mayar da murfin.