Yadda ake jinyar wanda aka yi wa maganin daji da haske, a ranar nan ta Kano

Idan an sallamo muku majinyaci bayan an yi masa maganin ciwon daji da haske, aikinku na farko shi ne raba shi da rana. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na yi jinyar kawuna a Gwammaja bayan an yi masa aikin a ƙasar waje.

Ga dalili. Allura ake yi ta jijiya, irin Photofrin da Amurka ta amince da shi a 1995 don dajin bututun da ke kai abinci daga maƙogwaro zuwa ciki. Maganin ya fi daɗewa a cikin ƙari. Bayan awa 40 zuwa 50 sai likita ya haska wurin da jan hasken lesa, maganin ya sarrafa iskar oksijin da ke wurin ta zama guba ga ƙwayoyin dajin. Hasken ba ya ratsa tsoka fiye da kamar santimita ɗaya, shi ya sa ba a yi wa dajin da ya bazu. To, ragowar maganin na nan a fata da ido aƙalla kwana 30, kuma ranar tsakar gida ma tayar da shi take yi, fatar ta ƙone.

Kafin ya iso, ku je Kantin Kwari ku yanko labule mai kauri. Amma kada ku mai da ɗakin duhu ƙirin, domin ɗan hasken ɗaki shi ke taimakawa maganin ya lalace a hankali. Ƙwan fitila dai a sa masa murfi, kada a bar shi tsirara kusa da gado. 'Yan dubiya kuwa sai kun sa ido, akwai mai kunna tocilan waya ya dallare fuskar mara lafiya wai zai ga ko ya rame.

Fita sai bayan magariba. In ganin likita ya kama da rana, a sa doguwar riga mai kauri, safar hannu da ta ƙafa, malafa da baƙin tabarau, kuma a nemi mota, ban da a daidaita sahu. Man kariya daga rana ba ya hana wannan ƙunar. Kawu ya sha cewa, "'Yar nan, Juma'a ma?" Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, lalura ce." In kwana 30 sun cika, da izinin likita a fito da bayan hannu rana minti 10. Ya yi ja ko ya kumbura cikin awa 24, a ƙara mako biyu.

Dangi za su turo muku bidiyon maganin daji da zinariya a WhatsApp. Binciken gaskiya ne: ƙwayoyin zinariya da ido ba ya gani suna iya ɗaukar maganin zuwa ƙari, su kuma sha haske su yi zafin da zai ƙona shi. Naomi Halas da Jennifer West sun yi aikin a Jami'ar Rice ta Amurka, a 2019 aka fitar da sakamakon gwaji kan maza 16 masu dajin furostet, wato wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Gwaji ne a hannun likitoci. Wanda ya kawo muku ruwan zinariya a kwalba, kuɗinku yake so. Ko maganin kemis kada ku ba shi sai likita ya sani, domin irin su doksisaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ƙara wa fata ƙunar rana suke yi.